Layin Malam Sharfaddeen

Baffa Usaini ya kauce wa wani rami, babur ɗin ya yi tangal-tangal, Mahfuza ta damƙe ƙarfen baya. Tun da suka baro Batsari sau ɗaya ya yi mata magana, da ya ce ta tattare hijabinta kada taya ta ja. Ita ma ba ta nemi hira ba. Hanyar Safana ta daina zama hanyar hira. Mai tuƙi idonsa na kan ramuka, na baya idonsa na bakin daji. Gero ya fitar da kai a gonakin da aka samu aka noma, sauran kuwa ciyawa ta gaje su.

A wani shinge 'yan sa-kai suka tsayar da su. Wani mai bindigar toka ya leƙa fuskar Baffa, ya dubi kayan makarantar da ke jikinta.

"Ina za a kai 'yar boko da sassafe haka?"

"Ɗiyar ƙanena ce. Safana za mu, gasar zane suke yi."

"Gasar mi?"

"Zane. Hoto da hannu."

Mutumin ya yi dariya har da buga gindin bindiga a ƙasa. "Gari na ci da wuta, su suna zane! Ku wuce, Allah shi tsare. Amma kada la'asar ta iske ku bisa hanya."

Sauran ɗaliban makarantarsu sun riga sun yi gaba a motar haya tare da malamin zane. Inna ce ta ce ba da 'yarta ba. Mota cike da ɗalibai abin kwaɗayi ce ga mutanen daji. In dai za ta je, to yayan ubanta ya kai ta ya dawo da ita. Baffa Usaini, wanda acaba ta zame masa gona tun da suka baro ƙauye, ya ce to, ya haƙura da aikin yini guda.

Daminar bara aka kashe Gambo, mahaifin Mahfuza, a gonarsa da ke bayan ƙauyensu, can wajen Ruma. Abin da aka gaya musu shi ne harsashi ɗaya ne a ƙirji, bai sha wahala ba, ko kalmar shahada bai gama ba rai ya yi halinsa. Da aka shigo da shi cikin likkafani don mata su yi masa addu'a, fuskar kawai aka buɗe, iyakar gemu, kamar mai barci. Mahfuza ba ta yi kuka ba, ko ran nan ko bayanta. Matan da suka zo gaisuwa suka yi ta yaba dauriyarta, ita kuwa ta san ba dauriya ba ce. Ba ta jin komai ne, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Haka ta bi kaya zuwa Batsari, haka ta koma makaranta, haka take cin tuwo ta wanke kwano.

Gambo bai bar hoto ba. Yakan ce hoto na 'yan siyasa ne, shi wa zai zaɓe shi? Katin da ke ɗauke da fuskarsa da 'yar wayarsa suna aljihunsa ranar, waɗanda suka kashe shi suka tafi da su. Wata safiya Inna tana tankaɗe, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Mahfuza, kin san fuskar babanku ta fara ɓace mani? Muryarshi ina jin ta sarai. Fuskar ce sai ta zo ta wuce kafin in riƙe ta." Ta ci gaba da tankaɗenta kamar maganar gishiri ta yi.

A makon ne malamin zane, Malam Sharfaddeen, ya shigo aji da labarin gasa. Wata ƙungiyar malamai ce ta shirya wa makarantun sakandaren Batsari da Safana, kowa ya zana abin da ya fi so a garinsu. Za a ba da farin kwali mai kyau da kala, amma ba za su fita daga ofishinsa ba, kuma in an gama gasa kowa zai karɓi zanensa. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa Mahfuza ɗaga hannu. Cin gasa bai dame ta ba ko kaɗan. Kwalin take so, da kalar, da abin da za ta miƙa wa Inna.

Wasu suka zana masallacin Juma'a, wasu kasuwa, wani ya zana tasha har da kwandasta yana rataye a ƙofar mota. Ita ta zana babanta zaune a saiwar tsamiyar gonarsu, fartanya a kafaɗa, hular saƙa ta karkace gefen hagu yadda ya saba. Makonni ta yi tana goge hanci tana sakewa. Tabon da ƙahon bijimi ya bar masa a gira bai ba ta wahala ba, bakin ne ya ƙi, sai ranar da ta tuna ba ya rufe shi duka in yana sauraron mutum. Da ta gyara wannan, sai ga shi yana kallonta. Ta ajiye fensir ta fita ta sha ruwa.

Abu ɗaya ne ba ta yi ba, kuma tana sane.

A makarantarsu akwai doka, ba a rubuce take ba amma ta fi na rubuce ƙarfi. Shekarun baya iyaye sun taso wa Malam Sharfaddeen, suka ce yana koya wa 'ya'yansu zana abu mai rai, ranar lahira wa zai hura musu rai in aka ce su hura? Har gaban shugaban makaranta aka je. Aka yi ta kai da kawo, a ƙarshe aka tsaya a kan cewa duk abu mai rai da aka zana, a ja masa layi a wuya, kai ya rabu da jiki, shi ke nan ya zama ba mai rai ba. Tun daga nan akuyar darasin noma da layinta, zakara da layinsa, har kifi, da Allah bai yi wa wuya ba, sai an nemo masa inda za a ja. Yara sun saba har hannunsu na yi da kansa, kamar ɗigo a ƙarshen jimla. Malam Sharfaddeen kuwa, da ya taɓa jin zafin iyaye, ya fi kowa kiyayewa. Mahfuza ta ɗora rula a wuyan babanta, ta ɗauke, ta miƙa kwalin haka nan.

Suka isa Safana rana ta ɗaga. Baffa ya kafe babur a gindin wata dalbejiya a harabar makarantar da ake taron, ya ce shi nan zai jira, ciki wurin masu takalmi sau ciki ne.

"Ki ɗauko abinki mu koma da wuri. Kin ji abin da mutumen can ya ce."

"To, Baffa."

Ɗakin taron ya cika da hayaniya. An ɗaura igiyoyi daga taga zuwa taga an rataye zane-zanen da maƙalen shanya, kowace makaranta da layinta. 'Yan mata na ta nuna wa juna nasu suna ƙyalƙyala dariya. Wani yaro ya zana jirgin yaƙi yana aman wuta a kan daji, samari sun yi cincirindo a gabansa. Mahfuza ta bi igiyar makarantarsu, ta wuce masallaci, ta wuce kasuwa, ta wuce kwandastan da aka ja wa siririn layin fensir a wuya. Sai ta tsaya.

Ga babanta nan a saiwar tsamiya, bakinsa a ɗan buɗe yana sauraro. Ƙasan gemunsa, daga wannan gefen wuya zuwa wancan, an ja layi da jan biro. An ɗora rula, layin ya miƙe sak, a ƙarshensa ma biron ya ɗan yi amai.

Ta tsaya tana jiran ranta ya ɓaci, bai ɓaci ba. Ta sa babban yatsa ta murza bakin layin, jan ya ɗan bazu a kan fatar wuyan, ta janye hannunta.

"Mahfuza! Kin iso lafiya?" Malam Sharfaddeen ne, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, takardu a hammata. Mutum ne mai kirki, irin kirkin da ba ya tsayawa ya tambaya. "Kin ga abin da kika so ki ja mana? Kin manta layi! Ina ɗaure su jiya na gani. Na nemi fensir sama da ƙasa ban samu ba, sai biron da nake maki da shi. Akwai wani malami cikin alƙalan, da ya gan shi haka da tuni ya sa an sauke. Zane mai kyau irin wannan, a yi asararsa saboda layi ɗaya?"

"Ban manta ba, Malam."

"Na'am?" Wani ya ƙwala masa kira daga gaban ɗaki. "Ina zuwa! Ki tsaya kusa da shi, alƙalai na zagayowa." Ya tafi yana gyara takardunsa.

Ta tsaya kusa da zanen. Tana tsayen ne dabara ta zo mata, a hankali, ba tare da wani murna ba. Babanta yakan rataya wani tsohon ƙyalle a wuya in zai tafi gona, na share gumi. In an ba ta kwalin, za ta roƙi Malam farar kala mai kauri ta zana ƙyallen a kan layin. Inna ba za ta san an taɓa jan komai a wurin ba. Ko ma ta gani, ai ta sha ganin akuyoyin littafinta.

Alƙalan su uku ne, maza biyu da wata mata mai tabarau da aka ce daga Katsina ta zo, Hajiya Lubna. Mazan suka duba, suka gyaɗa kai, suka yi gaba. Ita ta tsaya. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar, ta daɗe tana kallo.

"Ke kika zana?"

"E, Hajiya."

"Mahaifinki ne?"

"E."

"Daga wane gari kuke?"

"Wajen Ruma. Yanzu muna Batsari."

Matar ta dafa kafaɗarta. "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri."

"Amin," in ji Mahfuza. Sai da matar ta wuce ta yi tunanin wa ya gaya mata ya rasu. Ta ce a ranta ƙila Malam ne.

Aka zauna jawabi. Shugaban ƙungiya ya gode wa manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su zo ba. Wani ya yi bayani a kan zaman lafiya, lasifika na ɗaukewa tana dawowa. Aka raba ruwan leda da biskit. Mahfuza ta riƙe nata a cinya, tana kallon inuwar taga na matsowa a kan siminti, tana lissafin la'asar. Yaron jirgin yaƙi ya zo na ɗaya, ɗakin ya ɗauki ihu. Sai ta ji lasifika ta ce Mahfuza Gambo, daga Batsari, ta biyu. Wata ta kusa da ita ta zungure ta. Ta tashi ta je, aka miƙa mata jakar makaranta da kwalin kala, aka ce ta kalli nan, aka ɗauki hoto. Malam Sharfaddeen na tafi kamar hannunsa zai cire.

Hajiya Lubna ta raɗa mata cewa suna so su tafi da zane ukun farko Katsina a nuna wa mutane, in masu su sun yarda.

"Ni zan tafi da nawa gida, Hajiya. Na innata ne."

"To, ki yi tunani kafin mu tashi."

Sunan ƙanensa da ya ji a lasifika ne ya shigo da Baffa Usaini. Ta hango shi a bakin ƙofa ya tuɓe silifas ya riƙe a hannu, kamar mai shiga masallaci, yana rarraba ido. Ta je ta taro shi.

"Na ji an ce Gambo."

"Ni ce na zo ta biyu, Baffa."

"To madalla. Ina abin yake?"

Ta kai shi gaban igiyar. Mutane sun koma wajen rabon abinci, wurin ya yi sarari. Baffa ya ɗaga kai, silifas ɗin suka faɗi daga hannunsa.

"Gambo," ya ce. Ba da ita yake ba. "La ilaha illallahu. Gambo ne. Har tabon bijimin nan." Ya miƙa hannu kamar zai gyara masa hular, ya fasa. Mahfuza ta ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjinta, karon farko tun bara. Ashe ta kama shi. Ashe ba ita kaɗai ke ganin kamar ba.

Sai idon Baffa ya sauka ƙasan gemu. Baffa bai taɓa zama a aji ba, bai taɓa buɗe littafin darasin noma ba. Ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa kwalin. Da ya juyo, fuskarsa ta canja, muryarsa ta yi ƙasa.

"Wa ya hwaɗa maki?"

"Me, Baffa?"

"Kada ki yi mani haka, ɗiyata. Wa ya hwaɗa maki? Mu huɗu munka ɗauko shi, kuma mun yi rantsuwa gaban liman cewa harbi za mu ce. Ko uwarki ba ta sani ba. Ni na yi mashi wanka da hannuna. Ƙyallenshi na gona na naɗa mashi a wurin kahin mu sa likkahwani, don kada kan ya..." Ya haɗiye sauran. Ya sa yatsa ya bi layin a iska, daga wannan gefe zuwa wancan. "Nan ne kuwa. Daidai nan. Wane mara tsoron Allah ne ya zaunar da yarinya ya hwaɗa mata wanga abu?"

Can gaban ɗaki ana ta rigima a kan wanda ya karɓi shinkafa sau biyu. Mahfuza ta ji hayaniyar sarai, ta ji ledar biskit na ƙara a hannunta. Abin da ya motsa a ƙirjinta ɗazu ya koma ya kwanta.

"Layin makaranta ne, Baffa," ta ce. "Duk abu mai rai ana ja masa. Dubi wancan kwandastan. Malam ne ya ja, bai samu fensir ba."

Baffa ya dubi kwandastan. Ya dubi wani jaki a zanen kasuwa, shi ma da nasa siririn layin. Ya dawo da idonsa kanta.

"Wato ba wanda ya..."

"Babu wanda ya faɗa mini. Sai yanzu."

Ya durƙusa kamar zai ɗauki silifas ɗinsa, bai tashi ba. Ya daɗe a tsugune, hannu biyu a ka, yana maimaita innalillahi a hankali. Tana tsaye a kansa da sabuwar jaka a kafaɗa, ba ta san abin da ake cewa babba in ya tsuguna a gaban yaro ba.

"Don girman Allah, Mahfuza," ya ce daga ƙasa, "kada uwarki ta ji. Harbin nan shi take riƙe da shi take barci."

"Ba za ta ji ba."

Ta sake duban zanen. Ta yi tunanin farar kalar da ƙyallen da ta yi niyyar zanawa, ta ga ba za ta iya ba. Ta bar Baffa a nan ta ratsa cikin masu cin shinkafa har ta iske Hajiya Lubna tana haɗa jakarta.

"Hajiya, ku tafi da shi."

"Kin tabbata? Kin ce na mahaifiyarki ne."

"Ku tafi da shi."

Malam Sharfaddeen ya tare ta a ƙofa, baki har kunne, ya ce ta fitar da makaranta kunya, ya ce ta ga amfanin bin doka ko? Ta ce ta gani, Malam, ta gode.

Sun wuce shingen 'yan sa-kai kafin la'asar. Mai bindigar tokar ya gane su, ya ɗaga murya yana tambaya ko 'yar boko ta ci gasar, Baffa ya ɗaga masa hannu kawai. Duk tsawon hanya tana jin bayansa na rawa, ba ta san ko ramuka ne ke jawo hakan ba. Da ya sauke ta a bakin lungu bai shiga gaida Inna ba, ya ce mai ya kusa ƙare masa, ya juya babur.

Inna na tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta ga jakar, ta ga kwalin kala, ta yi hamdala, ta sa albarka. Sannan ta leƙa bayan Mahfuza, ta dubi hannayenta.

"Ina hoton?"

"Sun tafi da shi Katsina. Duk waɗanda suka ci an riƙe nasu."

Inna ta ture wata tsakuwa gefen faifai. "Ya yi kama da shi kuwa?"

"Baffa na gani ya kira sunansa."

"Allah sarki." Ta yi murmushi, irin wanda Mahfuza ta daɗe ba ta gani a fuskarta ba. "To ai ga kala kin samu taki ta kanki. Ki sake zana mani wani, ko a takardar littafi ce. Ba sai ya yi kyau ba, ni dai in gan shi."

"To, Inna."

Ta shiga ɗaki ta cire hijabi, ta yago takarda daga tsakiyar littafi, ta zauna a bakin katifa da fensir. Ta rufe ido ta nemi fuskar babanta yadda ta saba nemanta kafin ta fara. Fuskar ta zo nan da nan, ba ta yi gardama ba: hular a karkace, tabon gira, bakin a ɗan buɗe. Jan layin ma ya zo tare da ita. Ta buɗe ido ta sake rufewa, yana nan.

"Kin fara?" in ji Inna daga tsakar gida.

"Yanzu zan fara," ta ce.